Me Ya Sa Aka Ce Masa "Sassabin Zamani"?

Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san sassabe. Aiki ne na bazara: a ɗauki gatari a sare sabara da kalgo da duk wani tsiro da ya fito a gona, a tara, a cinna wuta, gona ta yi fes tana jiran ruwan shuka. Shi ya sa sunan da manoman Maraɗi suka raɗa wa dabarar raya itatuwa yake da ban mamaki. Sassabin zamani suke ce mata, alhali abin da take koyarwa shi ne a daina share gona ƙarƙaf.

Ga yadda take. Kututturen da aka sare shekara da shekaru bai mutu ba, saiwarsa na nan a ƙasa, kowace damina sai ya yi toho. Manomi zai zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran, ya kāre waɗanda ya bari daga awaki da wuta. Tun da saiwa ta riga ta kai ga danshi, itacen yana tashi da saurin da dashe ba ya yi. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, shi ya fara yaɗa ta a Maraɗi a 1983, bayan ya ga yawancin dashen da yake yi suna bushewa. Binciken da aka yi daga baya da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200. Yau masana sauyin yanayi suna lissafa ta cikin hanyoyi mafi arha na zuƙe iskar da ke ɗumama duniya.

A rahotannin Turanci sunanta FMNR, a na Faransanci RNA. Waɗannan baƙaƙe ba sa gaya wa mai gona komai. "Sassabe" kuwa ya riga ya faɗa masa lokacin aikin, da kayan aikin, da wanda zai yi shi. Ba a ce masa ya bar abin da ya gada ba, an ce ya gyara hannu ne kawai. Inda nake da ja shi ne "zamani", domin kakanni ma sun san barin gawo a gona, sun ga yadda gero ke yin kyau a gindinsa. Sai dai talla ce, kuma ta ci kasuwa.

Haka labarin tassa yake a Tawa. Ƙananan ramuka ne da ake haƙa a kan fako da rani, a zuba taki, gara ta huda ƙasa, ruwan sama ya zauna ya nutse. A Barkina Faso, inda Yacouba Sawadogo ya inganta dabarar, "zai" ake ce mata da harshen Mosi. Da ta iso ƙasar Adar, wato yankin Tawa, sai ta samu sunan kwano, wato tassa, don siffar ramin ke nan. Babbar yayarta kuma, ramin da ya fi ta faɗi, rabin wata ake ce mata saboda siffarta.

Yanzu ga sababbin abubuwa suna shigowa: famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, gawayin da ake binnewa don gyara ƙasa, da biyan manomi ladan iskar da itacensa ya zuƙe. Malaman gona da ma'aikatan rediyo, kafin ku zauna a ofis ku ƙirƙiro musu suna, ku je gona ku ji abin da masu amfani da su suke kiran su.