Zinare tsakanin ƙasashe biyu: tarihin gasar hoki ta mata a kan ƙanƙara

A watan Maris na 1990 ƙasashe takwas suka hallara a birnin Ottawa na Kanada domin gasar duniya ta farko da hukumar hoki ta duniya, IIHF, ta shirya wa mata a wasan hoki na kan ƙanƙara. Masu masaukin baƙi na fargabar a buga wasa kujeru ba kowa, sai suka ɗinka wa ƴan wasansu riguna ruwan hoda, suka ajiye ja da farin da aka san ƙasar da su, don a ja hankalin ƴan jarida. Ba duka matan ne abin ya yi wa daɗi ba, amma suka sa. Ranar wasan ƙarshe mutane kusan 9,000 suka cika zaure, Kanada ta doke Amurka da ci 5 da 2, Finlan ta zo ta uku. Daga ranar zinare ya ƙi fita daga hannun waɗannan maƙwabta biyu, lamarin da ya ɗaukaka wasan, ya kuma kusa jawo masa kora daga gasar Olamfik.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron gida, kowa da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa da yake sulɓi da shi, da sanda mai lanƙwasa da ake kora wani ɗan baƙin faifan roba zuwa raga. Zagaye uku ake yi, kowanne minti 20. Wasa ne mai cin kuɗi, domin kafin yarinya ta koyi riƙe sanda sai an sami zauren da injina ke daskarar da ruwa, an kuma yarda a ba ta lokaci a cikinsa. Wannan batu na samun wuri shi ne ƙashin bayan labarin gaba ɗaya.

Mata ba baƙi ba ne a wasan. Akwai hoton Isobel Stanley, ɗiyar gwamnan Kanada wanda aka sa wa kofin Stanley sunansa, tana bugawa a Ottawa wajen 1890. A shekarun 1930 ƙungiyar Preston Rivulettes ta jihar Ontario ta mamaye ƙasar, da wuya a ji an ci ta, har Yaƙin Duniya na Biyu ya watsa wasan mata. Bayan yaƙi zaurukan suka koma hannun maza. A 1956 wata yarinya mai shekara tara a Toronto, Abby Hoffman, ta rage gashin kanta ta shiga ƙungiyar yara maza da sunan Ab, sai da aka zaɓe ta cikin gwanaye aka nemi takardar haihuwa sannan asiri ya tonu.

Wadda ta fi kowa wahala wajen kai wasan gaban duniya ita ce Fran Rider ta ƙungiyar hoki ta matan Ontario. A 1987, ba tare da amincewar IIHF ba, ta tara ƙungiyoyi a Toronto daga Amurka, Suwidin, Suwizalan, Holan da Japan, ga ta Kanada da ta Ontario. Jamus ta Yamma ta ƙi zuwa saboda an hana bangazar abokiyar karawa da jiki. A gasar 1990 an halatta bangazar, matan Kanada da Amurka suka yi ta watsa na Turai, daga baya hukumar ta haramta ta a wasan mata na ƙasa da ƙasa. Taron 1987 shi ne ya nuna wa manya cewa akwai ƴan wasa, akwai kuma masu kallo. A 1992 kwamitin Olamfik ya amince a sa wasan matan cikin jadawali.

Aka fara a Nagano ta Japan a 1998 da ƙasashe shida. Kanada ce ta ci dukan gasannin duniya huɗu da aka yi kafin nan, sai ga Amurka ƙarƙashin kyaftin Cammi Granato ta doke ta 3 da 1 ta ɗauki zinaren farko. Har yau ana ta da maganar Angela James in an zo kan wannan shan kaye. Ita ce ta ci ƙwallo 11 a Ottawa, baƙar fata da ta tashi a unguwar talakawa a Toronto, amma aka cire sunanta daga tawagar watanni kaɗan kafin tafiya. Ba ta taɓa taka Olamfik ba. A ganina wannan na cikin manyan rashin adalcin da aka yi a tarihin wasan, kuma shigar da ita da Granato cikin zauren gwarzayen hoki na Toronto a 2010, matan farko da suka samu wannan girma, bai mayar mata da abin da aka hana ta ba.

Kanada ta rama a 2002 a gidan Amurka, a Salt Lake City, da ci 3 da 2, ta riƙe zinaren har sau huɗu a jere. A Turin a 2006 ne kawai aka ga sabuwar fuska a wasan ƙarshe na Olamfik, bayan mai tsaron gidan Suwidin, Kim Martin, ta tare ƙofa, Maria Rooth ta ci biyu, suka fitar da Amurka a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Sai Vancouver a 2010. Kanada ta lallasa Silobakiya 18 da nema, ita Silobakiyar da ta ci Bulgeriya 82 da nema a wasannin share fage. Shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Jacques Rogge, ya fito ya ce ba za a ci gaba a haka ba in ba a ga gyara ba. Ba wanda ya ɗauki maganar da wasa, don ba a daɗe ba da kwamitin ya jefar da ƙwallon softball ta mata. Amma maganar ta manta da tarihi. A gasar Olamfik ta Chamonix a Faransa a 1924, mazan Kanada sun ci ƙwallo 110 a wasa biyar, uku kacal aka zura musu, Suwizalan kaɗai ta kwashi 33, kuma aka yi wa maza haƙurin shekaru da dama har Turai ta kamo su. Matan kuwa shekara 12 kawai suka yi a Olamfik aka fara nuna musu ƙofa. A lokacin Kanada na da mata fiye da 80,000 masu rajista, Silobakiya ƴan ɗaruruwa. Wanda ya hana gona taki ba shi da bakin kukan ba ta yi yabanya ba. Hukumomin ƙasashen Turai ne suka bar matansu da ragowar lokacin atisaye da ragowar kuɗi.

Ko a ƙasashen da ke ci, ba daɗi matan ke sha ba. A 2017 ƴan wasan Amurka, Meghan Duggan a gaba, suka ce ba za su buga gasar duniya da za a yi a gidansu, a Plymouth ta jihar Michigan, ba, domin dala 1,000 ake ba su a wata, ita ma na watanni shida kafin Olamfik kawai. Hukumar hoki ta Amurka ta bi ƴan makaranta tana neman madadi, suka ƙi. Saura kwana uku a fara aka sasanta, matan suka shiga suka ci kofin. Shekara biyu bayan haka na Suwidin ma suka yi yajin aiki.

Wasan da ya fi tsaya wa masoya a rai an buga shi ne a Espoo ta Finlan a Afrilun 2019. Finlan, wadda ta gaji da tara tagulla, ta fitar da Kanada 4 da 2 a wasan kusa da na ƙarshe, Noora Räty tana ta kaɗe harbi a bakin raga. Karo na farko ke nan da aka yi wasan ƙarshe na gasar duniya ba Kanada. Da Amurka aka tashi 1 da 1, aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wadda ta fara ci ta gama. Kyaftin Jenni Hiirikoski ta kutsa ta harba, ta yi karo da mai tsaron gidan Amurka, faifan ya dawo, Petra Nieminen ta tura shi raga. Matan suka watsar da safar hannu da sanduna, suka rungume juna, zaure ya ruɗe. Aka ce a dakata ana duba bidiyo. Fiye da minti goma suna tsaye, sannan aka soke ƙwallon bisa cewa an tare mai tsaron gida, alhali alƙaliyar da ke kan ƙanƙara ita mai tsaron gidan ta ɗora wa laifin sa ƙafa. Suka tsince kayansu suka ci gaba da wasa, Amurka ta ci a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Masana doka na da hujjojinsu, amma ni ban ga yadda za a ce wa matan nan ba su ci ba.

Hamayyar manyan biyu dai ba ta yi sanyi ba. Marie-Philip Poulin ta Kanada ta ci ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na 2010 tana da shekara 18, ta sake a Sochi a 2014 bayan ta farke ana saura daƙiƙa 55, ta kuma ci biyu a Beijing a 2022, shekarar da Sarah Nurse ta zama baƙar mace ta farko da ta rataya zinaren hoki a Olamfik. A wannan shekara Jamhuriyar Cek ta sami tagullarta ta farko a gasar duniya, ƙarƙashin mai horarwa Carla MacLeod, tsohuwar ƴar wasan Kanada. Ranar 1 ga Janairun 2024 aka buɗe gasar ƙwararru ta PWHL da ƙungiyoyi shida a Kanada da Amurka, inda ake biyan albashi, kuma tun kakar farko akwai matan Cek da Finlan da Suwidin da ke karawa da su Poulin mako-mako.