Yadda Fodkas Ya Raba Mai Sauraro da Agogo

Tun kafin samun 'yancin kai Bahaushe ya ƙulla zumunci da rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris, 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka kuwa sai a 1979. Da ƙananan akwatuna masu cin batir suka wadata, sai rediyo ya bi manomi gona, ya bi makiyayi daji, ya zauna a teburin mai shayi. Ba ya tambayar ko ka yi boko. Kunne kawai yake nema.

Sai dai yana da sharaɗi guda: shi ke yanka lokaci. Wanda ya makara labaran safe, sai ya nemi wanda ya ji ya ba shi labari, da ƙari da ragi. Ko da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, har Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, bakuna ne suka yawaita, agogon bai saki kowa ba.

A Amurka aka kwance wannan ƙulli. Wajen 2004, Dave Winer da Adam Curry suka daidaita hanyar da sabon shiri zai riƙa sauka da kansa cikin na'urar mutum ta intanet. A 2005 kamfanin Apple ya shigar da irin waɗannan shirye-shirye, wato fodkas, cikin iTunes, sannan a 2014 shirin Serial, mai bin diddigin wata shari'ar kisan kai mako-mako, ya nuna cewa miliyoyin mutane za su bi dogon labari da kunne. Ba lasisi, ba dogon ƙarfen watsa shiri. Waya da makirufo sun isa.

A ganina, a wajenmu fodkas ya fi kama da jikan kaset. Shekara da shekaru ana sayar da tafsiri da wa'azi da waƙoƙin Shata a bakin masallaci da tasha, mutum ya saurara sanda ya ga dama, ya mayar baya inda bai gane ba. Daga nan aka koma memori da tura wa juna ta Bluetooth, sai WhatsApp. Don haka da jaridar Aminiya ta fito da Najeriya a Yau da Daga Laraba, ta tarar da kunnuwan da suka riga suka saba.

Duk da haka akwatin rediyo bai tafi ba. Data kuɗi ce, caji ma kuɗi ne inda wuta ba ta tsayawa, kuma abin kunne mutum ɗaya yake ɗauka, alhali rediyo ɗaya kan ciyar da majalisa guda da abin gardama. Tashoshin ma sun farga: shirin da suka watsa da safe, da yamma yana Facebook da YouTube ga wanda ya makara.