Ɗakin Karatu Bayan Isha: Darasi daga Danmak da Ailan

Da kuɗin jama'a ake gina ɗakin karatu na gwamnati, amma sa'o'in buɗe shi ne ke nuna waɗanda za su more shi. Idan ana buɗewa da safe a rufe da la'asar kamar sauran ofisoshi, to an cire ɗan kasuwa da bakanike da malamin firamare da ɗalibin da ke aji duk yini, domin kafin su sami sukuni an riga an garƙame ƙofa. Wannan maƙala na ganin cewa tsawaita lokaci zuwa dare hanya ce mai araha ta faɗaɗa amfanin ginin da yake nan tsaye, muddin ba a mayar da ita hujjar rage ma'aikata ba.

A shekarar 2004, a garin Gjern da ke yankin Silkeborg a Danmak, aka fara barin masu karatu su shiga da katinsu da lambar sirri bayan ma'aikata sun tashi. Mutum ya ari littafi ko ya mayar ta na'ura, kyamarori kuma na tsaron wurin. Tsarin ya bazu bayan 2007, lokacin da aka haɗe ƙananan hukumomin ƙasar suka koma 98, ƙananan rassa da dama suka fuskanci rufewa. Ailan ta gwada irinsa a 2014 a Tullamore da Banagher da Tubbercurry. A rassan da ke cikin shirinta mai suna My Open Library, wanda ya kai shekara 16 kuma ya yi rajista na iya shiga daga ƙarfe 8 na safe zuwa 10 na dare, kowace rana ta shekara.

Wata ƙungiyar ƙwadagon ma'aikata a Ailan ta soki shirin, kuma sukar tana da tushe. Na'ura ba ta nuna wa ɗalibi littafin da ya dace da bincikensa, ba ta taimaka wa dattijon da kwamfuta ta gagara. Inda aka ƙara sa'o'in dare a kan na ma'aikata, jama'a sun ci riba; inda aka musanya su da juna, abin da ya rage zauren zama ne kawai.

A Arewacin Nijeriya buƙatar ta fi tsanani. Ɗalibin Danmak yana da wuta da tebur a gida, namu kuwa sau da yawa da fitilar waya yake shirin jarrabawar WAEC ko JAMB a ɗakin da yake kwana da ƙannensa. Sai dai kwafar tsarin da babu ma'aikaci ba zai yi ba, saboda matsalar tsaro da ɗaukewar lantarki. Abin da ya dace shi ne wutar sola, aikin karɓa-karɓa da alawus na dare, masu gadi, da sashen mata mai ma'aikaciya, don iyaye su amince.

Hukumomin ɗakunan karatu na jihohi su fara da reshe guda a babban birni, su buɗe shi zuwa ƙarfe 10 na dare a lokacin jarrabawa, su ƙirga masu shigowa, sannan su gina kasafin baɗi a kan wannan ƙidaya.