Mazaɓar Dundee: Kujerar da Masaƙa Suka Karɓe daga Hannun Churchill

Kafin shekarar 1832 mutanen Dundee ba su da wakilin kansu a majalisar dokokin Birtaniya. Garin yana bakin kogin Tay ne a gabashin Sikotlan, kuma an haɗa shi da wasu garuruwa huɗu, wato Perth da Forfar da Cupar da St Andrews, su biyar ɗin suna tura mutum guda zuwa Landan. Zaɓen ma ba na jama'a ba ne. Majalisar kowane gari ce ke naɗa manzo ɗaya, manzannin nan biyar su zauna su tsayar da ɗan majalisa. Su kuma 'yan majalisun garuruwan su ke zaɓar waɗanda za su gaje su. Talaka dai sai ya ji labari a kasuwa.

Cikin waɗanda suka ƙi yarda da wannan tsari akwai George Kinloch, mai gonaki ne kuma ɗan babban gida, amma zuciyarsa na tare da masaƙa. A 1819 ya yi jawabi a wani gangami a filin Magdalen na Dundee, yana neman a bai wa jama'a ƙuri'a. Hukuma ta tuhume shi da tunzura mutane, ya tsere zuwa Faransa, sai a 1823 aka yi masa afuwa. Da dokar gyaran zaɓe ta 1832 ta bai wa Dundee kujerarta, shi mutanen garin suka zaɓa a watan Disamba. Bai yi wata huɗu a kai ba ya rasu. Mazaɓar da ta fara da zaɓar mutumin da gwamnati ta taɓa farauta, ba abin mamaki ba ne idan ta tashi da taurin kai.

Sai dai ƙuri'ar 1832 ta masu hali ce: namiji mai gida ko kanti wanda darajar hayarsa ta kai fam goma a shekara. A bainar jama'a kuma ake faɗin wanda ake so, gaban mai gidan haya da mai masana'anta, domin ƙuri'ar sirri ba ta zo ba sai 1872.

Rama ce ta gina Dundee, irin ramar Bengal da ake saƙa buhun algarara da ita. Tun wajen shekarun 1830 masaƙan garin suka gano cewa idan aka jiƙa ta da man wata ƙatuwar dabbar teku da jiragensu ke farautowa, takan yi laushi har inji ya iya kaɗa ta. Daga nan jirage suka riƙa kwaso ta daga Kalkata, Dundee na mayar da ita buhuna tana sayar wa duniya. Masana'antar Camperdown ta gidan Cox a unguwar Lochee ita kaɗai ta ɗauki ma'aikata wajen dubu biyar. Garin da bai kai mutum dubu hamsin ba a 1831 ya kai wajen dubu ɗari da sittin a 1901, cikinsu har da dubban 'yan Ailan da yunwa ta koro daga ƙasarsu. Mafi yawan masu aiki a gaban injinan mata ne, saboda ladansu ya fi araha, har ta kai a gidaje da dama matar ce ke fita nema, mijin na zaune da yara. Iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, jarirai na mutuwa fiye da kima. Waɗannan mata su ne ƙashin bayan garin, amma ko ɗaya ba ta da ƙuri'a.

Girman garin ya sa aka ƙara masa kujera ta biyu a 1868. Ba a raba shi gida biyu ba. Mazaɓa ɗaya ce mai wakilai biyu, kowane mai zaɓe da ƙuri'a biyu a hannunsa. Yana iya bai wa 'yan jam'iyya ɗaya duka biyun, yana iya rabawa, yana iya jefa ɗaya ya riƙe ɗaya. Shekara da shekaru wannan bai canja komai ba, jam'iyyar Liberal ce ke kwashe kujerun, masu ra'ayin riƙau kuwa ko ƙamshi ba sa ji. Sai a 1906 Alexander Wilkie, sakataren ƙungiyar maƙeran jiragen ruwa, ya ci kujera ɗaya a jam'iyyar Leba, ya zama ɗaya daga cikin mutum biyu na farko da jam'iyyar ta samu a Sikotlan.

Winston Churchill ya zo ne a 1908, kuma ba don son garin ya zo ba. Ya yi ƙaramin ministan mulkin mallaka tun ƙarshen 1905, yana kan wannan kujera aka yi yaƙin Satiru a ƙasar Sakkwato. Da firaminista Asquith ya ɗaga shi zuwa ministan ciniki, dokar lokacin ta tilasta masa komawa neman amincewar mazaɓarsa, sai ya faɗi a Manchester. Jam'iyyarsa ta Liberal ta nemo masa wuri mai tabbas: aka kai Edmund Robertson, wakilin Dundee tun 1885, majalisar iyayen ƙasa, gurbi ya buɗe. A yaƙin neman zaɓen, wata mai fafutikar ƙuri'ar mata, Mary Maloney, ta riƙa bin sa taro taro da ƙararrawa, da ya buɗe baki sai ta kaɗa. Ya ci da ƙuri'a 7,079, ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa ya samu kujerar da zai zauna a kai har ƙarshen ransa, ga araha ga sauƙi.

A can ƙasan jerin sakamakon akwai wani kansila, Edwin Scrymgeour, da ƙuri'a 655. Shi ya kafa jam'iyyar haramta giya ta Sikotlan a 1901. Kirista ne mai tsananin riƙo da addini, yana kuma da ra'ayin gurguzu, ya ɗauki giya a matsayin abin da ke cinye ɗan ladan da masaƙa ke samu. Ya sake tsayawa sau biyu a 1910 ya faɗi, ya tsaya a 1917 yana adawa da yaƙin duniya ya faɗi, ya tsaya a 1918 ya faɗi. Amma bai bar garin ba. Shi ake gani a unguwanni, shi ake kai wa kukan haya da na rashin aiki, alhali Churchill sai jefi jefi yake leƙowa daga Landan.

Dokar 1918 ta bai wa maza ƙuri'a daga shekara 21, da matan da suka haura 30 idan sun cika sharaɗin gida. Sunan mazaɓar bai canja ba, amma mutanen cikinta sun canja. Bayan yaƙi kasuwar buhu ta faɗi, masana'antun Kalkata sun riga sun sha gaban na Dundee, dubban mutane suka zauna ba aiki. 'Yan Ailan na Lochee suna riƙe da Churchill saboda ta'asar dakarun da aka tura ƙasarsu, 'yan ƙwadago suna riƙe da shi saboda tura sojoji Rasha don yaƙar juyin juya hali, wasu ba su manta da asarar rayukan yaƙin Gallipoli ba, mata kuma ba su manta da jan ƙafarsa a kan ƙuri'arsu ba. Ya kuma ɓata da D. C. Thomson, mai manyan jaridun garin.

Gwamnatin Lloyd George ta rushe a Oktoban 1922, daidai lokacin da aka yi wa Churchill tiyatar afendis. Matarsa Clementine ce ta riƙe masa yaƙin neman zaɓe. Da ya iso a kwanakin ƙarshe, a kan kujera aka ɗauke shi zuwa dandali, a wani taron kuma ihu ya hana shi gama magana. Leba ta tsayar da mutum ɗaya tak, don haka kowane magoyin bayanta yana da ragowar ƙuri'a, kuma dubbai daga cikinsu Scrymgeour suka ba. Ranar 15 ga Nuwamba Scrymgeour ya samu 32,578, E. D. Morel na Leba 30,292. Churchill ya zo na huɗu da 20,466, ƙasa da abokin takararsa na jam'iyya ɗaya.

Wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙuri'un da Churchill ya faɗi da su sun kusa ninka waɗanda ya ci da su a 1908 sau uku. A ganina wannan shi ne ainihin labarin mazaɓar: waɗanda ke tsaye a waje shekara casa'in aka buɗe wa ƙofa, suka shigo da lissafinsu. Kuma kuskure ne a ce garin ya zaɓi haramta giya. Da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a kan rufe mashaya, mutanen Dundee ba su yarda ba, ƙudurin da Scrymgeour ya kai majalisa a 1923 ma 'yan tsiraru ne suka goyi bayansa. Mutumin suka zaɓa, wanda suka sani ya kuma san su. Har yau shi kaɗai ne ya taɓa shiga majalisar Birtaniya da tutar haramta giya.

Shi kuwa Morel ba baƙo ba ne ga tarihinmu. Yana akawu a kamfanin jiragen Elder Dempster ya lura cewa jirage na dawowa daga Kwango maƙare da roba da hauren giwa, suna komawa da bindigogi da harsasai, ya gane cewa aikin tilas ake yi ba ciniki ba. Ya kafa ƙungiyar neman gyara a Kwango a 1904, ya tona asirin mulkin Sarki Leopold a can. A 1910 ya ratsa Nijeriya har Kano, ya kuma dage cewa ƙasar noma ta zauna a hannun 'yan ƙasa. An ɗaure shi wata shida a 1917 saboda adawarsa da yaƙi. Dundee ta sake zaɓarsa a 1923 da 1924, ya rasu a Nuwamban 1924, Tom Johnston ya gaje shi a zaɓen cike gurbi.

Churchill bai sake neman komai a garin ba. A 1943, yana firaminista a tsakiyar yaƙi, majalisar garin ta amince da rinjayen ƙuri'a ɗaya a ba shi lambar girmamawa ta birni, ya ƙi karɓa.

Guguwar zaɓen 1931 ta tafi da Scrymgeour. Florence Horsbrugh ta zama mace ta farko da ta wakilci garin, kuma 'yar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta farko da ta ci kujerar garin tun 1832, shekara uku bayan an daidaita ƙuri'ar mata da ta maza. Ɗaya kujerar ta tafi ga Dingle Foot na Liberal, lauyan da gwamnatin Nijeriya ta kora daga ƙasar a 1962 lokacin rikicin Jihar Yamma. Su biyun suka riƙe garin har 1945, lokacin da Leba ta kwashe kujerun duka ta hannun Thomas Cook da John Strachey, wanda daga baya shirin noman gyaɗa na Tanganyika ya lalace yana ministan abinci.

Dokar 1948 ta soke mazaɓu masu wakilai biyu a duk ƙasar. A zaɓen Fabrairun 1950 aka tsaga garin gida biyu, Cook ya tsaya a Dundee ta Gabas, Strachey a Dundee ta Yamma, dukkansu suka ci.