Lissafin da Ke Faɗin Gaskiyar Ƙarfin Ƙungiya

Manomin masara a Malumfashi ya san cewa yawan buhuna ba ya nuna riba sai an cire kuɗin taki da na ƙwadago. Wasan besbol na Amurka ya shafe kusan ƙarni guda kafin ya koyi wannan darasi.

A besbol, mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda ya yi ƙoƙarin zagaya tashoshi huɗu domin samun maki. Kowace ƙungiya tana da damar a fitar da 'yan wasanta sau 27 a wasa. Henry Chadwick, ɗan jaridar da aka haifa a Ingila a 1824, shi ya yaɗa tsarin rubuta sakamakon wasa a jarida. Ma'aunin da ya samu karɓuwa shi ne kason bugun da ya yi nasara. Amma idan mai jifa ya yi kuskure sau huɗu, mai bugu yana wucewa tashar farko kyauta, kuma wannan ma'auni bai ƙirga hakan ba.

A 1947 Branch Rickey na ƙungiyar Brooklyn Dodgers ya ɗauki masanin ƙididdiga Allan Roth aiki. A 1954 Rickey ya bayyana a mujallar Life cewa abin dubawa shi ne sau nawa ɗan wasa ke isa tasha, ta kowace hanya, tunda wanda bai isa ba ya cinye ɗaya daga cikin damar nan 27. Ba a saurare shi sosai ba.

Bill James, mai gadin dare a wata masana'anta a jihar Kansas, ya fara buga littafinsa na Baseball Abstract a 1977. Ya nuna cewa kwatanta makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta ya fi jerin nasarorinta hasashen abin da za ta yi gobe, domin nasara da tazarar maki ɗaya sau da yawa sa'a ce.

A 2002 Oakland Athletics, ƙarƙashin Billy Beane, ta nemo 'yan wasa masu araha da ke yawan isa tasha. Ta ci wasa 103, daidai da New York Yankees, da kusan kashi ɗaya bisa uku na albashinta. Sai dai Minnesota Twins ta fitar da ita a zagayen wasa biyar. Wasa 162 na kaka suna bayyana ƙarfin ƙungiya, wasa biyar kuwa ba su isa hukunci ba.

Masu gardamar ƙwallon ƙafa a gidajen kallo na Funtua, da ma'aikacin da ke rubuta rahoton aikin gona, duk tambaya biyu ke gabansu: shin adadin nan yana da alaƙa da abin da ke kawo nasara, kuma an tara shi na tsawon lokacin da zai rinjayi sa'a?