Shanu Nawa Ke Dafa Tuwon Gida?

A Kekun Waje da sauran garuruwan Bungudu, Tsafe da Gusau, mun san kashin shanu a matsayin taki. Tun kaka da kakanni, in an cire amfanin gona, manomi kan gayyato makiyayi ya sauka da garkensa a gonar, ya ba shi hatsi, shanu su bar masa taki. Amma a wasu ƙasashe an daɗe da gano iskar girki a cikin kashin nan.

A 1776 Alessandro Volta na Italiya ya tara iskar da ke ɓulɓulowa daga lakar tafkin Maggiore, ya ga tana kama wuta. Irinta ce ke fita idan kashi ko shara suka ruɓe a rufaffen rami. A 1895 birnin Exeter na Ingila ya kunna fitilun titi da ita. Daga shekarun 1950 Indiya ta kai ta ƙauyuka, ta kuma fitar da lissafi: kilo 1 na ɗanyen kashin shanu yana ba da kimanin lita 40, girkin mutum ɗaya a rana yana cin wajen lita 230. Ke nan gida mai mutum 8 na buƙatar kilo 46 kullum, wato kashin shanu 5, in kowace ta ba da kilo 10.

A wajenmu, cibiyar binciken makamashi da aka kafa a Jami'ar Sakkwato a 1982, muna jiha ɗaya a lokacin, ta yi gwaje-gwaje a kan wannan iska. Sai dai lissafin Indiya na saniyar turke ne. Wadda ta wuni a daji, kashin dare kawai take kawowa gida. Kowane kilo yana son lita 1 ta ruwa, kuma sanyin hunturu yana rage iskar. Ga satar shanu, wadda ta kwashe garake da yawa a Zamfara cikin shekarun nan.

Saboda haka kafin mu haƙa rami, mu auna kashin da ake kwashewa a turke kowace safiya, kada mu tsaya ga ƙirga shanu. Masu shanun huɗa, masu kiwon turke da mahauta a kwata su ne lissafin zai fi yi wa daidai. Gona ma ba ta yi asara ba, domin abin da ya rage a ramin bayan iskar ta fita taki ne mai kyau.