Jinkiri da Faɗin Hanya: Watannin da Zamfara Ta Yi Babu Layin Waya

A farkon Satumban 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗalibai a makarantar Kaya da ke Maradun, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle. Mako biyu aka ambata da farko. Gusau ba ta sake samun layi ba sai ranar 1 ga Oktoba, garuruwa irin su Tsafe da Bungudu kuwa suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba.

Masana sadarwa suna auna kowace hanyar aika saƙo da ma'auni biyu da jama'a kan haɗa su wuri ɗaya. Na farko shi ne jinkiri, wato lokacin da saƙo yake ɗauka kafin ya isa, amsa ta dawo. Na biyu shi ne faɗin hanya, wato yawan bayanan da za su iya wucewa cikin sakan ɗaya. Kowace wayar hannu tana ɗauke da na'urar da ke mayar da bayanai zuwa igiyar rediyo ta tura wa turke. Lokacin da GSM ya shigo Najeriya a 2001, abin da layi yake iya ɗauka bai wuce kilobit 9.6 a sakan ba. Zuwa zamanin 4G ana maganar megabit da dama, jinkiri kuma ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan.

Da turaku suka yi shiru, sai mutane suka koma ga direbobin tasha. Aka riƙa ba su wasiƙu, wasu kuma suka hau mota zuwa Funtuwa, tafiyar fiye da kilomita 100 ta Tsafe, don kira ɗaya kawai, kafin Katsina ita ma ta rufe layuka a ƙananan hukumomi 13 har da Funtuwar. Hanyar ce dai layin dogo ya bi daga Zariya ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Abin lura shi ne direba ba ya da matsalar faɗin hanya. Idan ya ɗauki katin waya mai gigabayit 32 ya kai shi cikin awa biyu, lissafi ya nuna ya isar da kusan megabit 35 a kowane sakan, abin da layin 3G ba kasafai yake kaiwa ba. Matsalarsa jinkiri ce, domin tambaya da amsarta sai sun ci awa huɗu.

Jinkirin ne ya durƙusar da kasuwa. Saƙon da na'urar POS take aikawa banki ɗan ƙarami ne ƙwarai, bai kai ko hoto ɗaya ba, amma dole amsa ta dawo cikin 'yan sakanni, in ba haka ba cinikin ya rushe. Mai sayar da hatsi da ke son jin farashin yau, ko iyalin da ke neman mota ga mai naƙuda, su ma ba yawan bayanai suke buƙata ba. Amsa suke buƙata nan take.

A nan ne tsarin ya yi rauni. 'Yan bindigar da aka yi nufin toshewa buƙatarsu ita ma ƙarama ce: murya, da kalmomi kaɗan. Rahotannin lokacin sun ambaci rediyon oba-oba, da wayar Thuraya, da layukan Jamhuriyar Nijar a yankunan iyaka. Oba-oba hanyarta ƙunci gare ta, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, amma ba ta buƙatar turke, kuma jinkirinta kusan babu. Thuraya tana bi ta tauraron ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000, saboda haka magana da amsarta suna cin kusan rabin sakan. Wannan yana sa hira ta yi ɗan tsaitsaye, amma ba ya hana ciniki kan kuɗin fansa. Manomin Bungudu da ya hangi babura suna tafe ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma lambar jami'an tsaro da ke cikin wayarsa ba ta shiga.